FENTI BA YA RIƘE BANGO



Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga ta nufi Shagari cikin 'yan shekarun nan, ya ga yadda fuskar garuruwanmu ta ke sakewa. Inda dā ba ka ganin kome sai jan bango da jinka, yau ga kwano yana ƙyalli, ga ƙofar ƙarfe, ga bango kore ko shuɗi ko ruwan ɗorawa. Haka abin ya ke a Horo Birni, haka ya ke a Dandin Mahe da Lambara da Kajiji. Samari sun tafi cin rani Ikko da Badun da Abuja, sun komo da ɗan abin da Allah ya hore musu, sun ce za su gyara wa tsoho gida. Wannan abin a yaba ne. Yaron da ya tuna da ɗakin uwarsa kafin ya tuna da babur, lalle ya yi abin kirki.

Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Fenti shi ne aikin ƙarshe cikin gyaran gida, mu kuwa mun mai da shi na fari. Muna sayen launi tun ba mu duba ko bangon da zai ɗauke shi yana da lafiya ba. Ra'ayina ke nan, zan kuwa faɗi dalili.

ABIN DA IDONA YA GANI

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Horo Birni wanda mu ke aikin irin gero tare da shi. Ba zan faɗi sunansa ba, gama aminina ne, amma ya yarda in ba da labarin domin wani ya ƙaru. Gidansa na tubali ne, mahaifinsa ya gina. Ɗansa ya komo daga kudu da kuɗi, ga kuma aurensa ya matso. Aka sauke jinkar ɗaki biyu aka buga kwano. Aka kira birkila ya yi wa zaure da gaban gida filasta da siminti, kai tsaye a kan ƙasa. Kwana uku da gama filasta, mai fenti ya iso da fentin mai, kore shar. Kuɗin yaro ya riga ya ƙare a kan kwano da siminti, saboda haka maigida ya buɗe rumbu ya fid da gero buhu huɗu ya kai kasuwa, ya haɗa da tunkiya, aka sayi fenti aka sallami ma'aikata.

Na iske su ana cikin aiki. Na ja shi gefe na ce, "Maigida, da ka bari filastan nan ya sha iska ko da wata guda ne." Ya yi dariya ya ce, "Malam, buki saura kwana tara. So kaka yi baƙi su taho su ishe gida hakanga awa kango?" Na yi shiru. In faɗi gaskiya, ni ma da na ga gidan ran biki sai da ya ba ni sha'awa, har na ce a raina watakila na cika tsoro.

Ba a kai bazara ba fenti ya soma kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wani farin gari mai kama da kanwa ya feso a jikin bango. Da damina ta kankama, cikin watan Agusta, wata rana da tsakad dare sai suka ji rugum. Gari na wayewa sai ga wani falle na filasta, girmansa ya kai ƙyauren ɗaki, ya ɓalle ya faɗi daidai inda jikokinsa su ke shimfiɗa tabarma da maraice. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da muka tarar a baya. Ƙasar bangon ta jiƙe sharkaf, in ka sa yatsa sai ya nutse, ga hanyoyin gara sun yi reshe-reshe har sama. Tun farkon damina bangon nan ya ke ruɓewa a ɓoye, fenti ya rufe mana ido. A cikin watan nan kuma, lokacin da hatsi ya fi tsada, aminina ya koma kasuwa yana awon geron da ya sayar da araha.

Muka kira wani tsohon magini ya duba. Ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa nan da can, ko'ina yana amo kamar ganga. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyana, wanga bango da ƙasa anka gina shi, ƙasa ɗai ya sani. Kun sa mai rigar wani."

ME YA SA SIMINTI BA YA ZAMA A KAN ƘASA?

Kada wani ya ce ina kushe siminti. Siminti abu ne mai kyau, a ƙasarmu ma a ke yinsa. Tun 1967 masana'antar Kalambaina ta ke fid da shi daga dutsen da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ƙasar Sakkwato. A kan bulo ba shi da na biyu. Amma shi da bangon ƙasa ba su jituwa, saboda dalili uku.

Na fari, ƙasa tana motsi. In ta sha laima ta kan kumbura, in ta bushe ta kan tsuke. Siminti kuwa in ya kama ya kama, ba ya bin ta. Yau da gobe sai su rabu, filasta ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ruwa ya fi ƙadangare iya neman kafa.

Na biyu, bangon ƙasa yana numfashi. Ruwan da ya sha da dare, rana da iska su kan fid da shi da rana. Kadan ka rufe shi da siminti, ka kuma rufe siminti da fentin mai, ruwan da ya shiga ta tsaga ko ya hau daga gindi ba shi da hanyar fita. Sai ya zauna ciki yana narkar da tubali.

Na uku, rufin nan yana ɓoye cuta. Bangon yaɓe ba ya yi maka ƙarya. In ruwa ya zaizaye shi za ka gani, in gara ta hau za ka gani, ka kwaɓa ƙasa kwano biyu ka gyara kafin azahar. Bangon da aka lulluɓe kuwa ba ka sanin halin da ya ke ciki sai ran da ya faɗi.

Wanda ya ce shi dole sai ya yi wa bangon ƙasa siminti, to, aƙalla ya kafa wayar raga da dogayen ƙusoshi, ko ya sossoka tsakuwa da tsingaro a jikin bango domin filasta ya sami abin kamawa, ya bar fentin mai, ya riƙa ƙwanƙwasa bangon kowace shekara. Wannan dabara tana ƙara masa kwana, amma ba ta raba shi da ciwon.

CIWON GIDA DAGA KA NE KO DAGA GINDI

Ruwan da mu ke samu a ƙasar Sakkwato ba shi da yawa in an gwada da kudu, kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba ya ke sauka. Amma ya kan zo da ƙarfi, da iska, galibi daga gabas. Shi ya sa kowane magini ya san bangon gabas shi ke fara tsufa. Mu kuwa bangon da ke duban hanya shi mu ke yi wa ado, ko da a yamma ya ke, mu bar na gabas da na baya ga rahamar hadari.

Ku duba yadda a ke buga kwano yanzu. Domin a rage falle biyu ko uku, sai kafinta ya yanke shi daidai bakin bango. Jinkar da aka sauke tana da baki mai tsawo, tana zubar da ruwa nesa. Kwanon da ya maye gurbinta yana tattara ruwan rufi duka ya kwarara shi a jikin bango da gindinsa. Watau mun biya kuɗi mun sayo wa bango abokin gāba. Kwano ya kamata ya zarce bango da ƙafa ɗaya da rabi ko biyu. In soro ne, a duba indararo: ya yi tsawo, kada ya toshe, kada kuma ya riƙa yoyo ta inda ya shiga bango.

Sa'an nan gindi. Ku zaga bayan gidajenmu ku gani. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana fita ta rariya ya kwanta a gindin katanga. Turken awaki yana jingine da bango, fitsari da gishirinsa suna cin ƙasa. An tara juji ya haura gindin ɗaki. Bango ba ya faɗuwa daga sama, ƙafarsa ce a ke ci har ta sirance, sa'an nan ruwan Agusta ya zo ya ƙarasa. Maganin wannan ba ya cin kuɗin bokitin fenti ɗaya: a yi dakali da birji ko dutse a gindin bango, a gangarar da ƙasa waje, a haƙa wa ruwan rariya hanya, a matsar da turke.

Kowace shekara rediyo ya kan kawo mana labarin ɗakin da ya rufta wa mutane cikin barci a wani gari. Ban taɓa jin an ce rashin fenti ne ya kā da shi ba.

ABIN DA IYAYENMU SUKA SANI

Kafin a kawo fentin gwangwani, gidajenmu ba tsirara su ke ba. Akwai yaɓe, watau ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana ta yi danƙo, a ke sabunta shi bayan damina. Akwai makuba, da a ke samu daga ɓawon ɗorawa: a jiƙa shi har ruwan ya yi duhu, a kwaɓa yaɓe da shi ko a shafe bango da daɓe, ya sa su tauri, ruwa ya riƙa zamewa. Akwai laso, wanda magina su ke haɗawa da katsi na karofi da gashin jima da dafara, shi a ke sa wa rufin soro da inda ruwa ya fi duka. Akwai farar ƙasa, da mata su ke dama ta da ɗan ƙaro domin kada ta bi hannu, wani lokaci su ɗiga mata bula ta ƙara haske. Dukan waɗannan suna kare bango, ba su kuwa hana shi numfashi.

Kada mu ɗauka aikin talauci ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, da ƙasa aka yi shi, masana gini daga ƙasashen waje sun sha zuwa kallonsa. A garin Yama cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya soma gina masallacin garinsu da ƙasa a 1962, a 1986 ginin nan ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda masu gini na duniya su ke takara a kanta. Tsohon birnin Agadas, da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 2013. Abin da ya tsai da gine-ginen ƙasa ba wani asiri ba ne, kulawa ce a kai a kai.

Sai dai in faɗi abin da ke gaskiya: makuba tana wuya yanzu, domin mun sare ɗorawa mun yi itace. Wanda ya sare ɗorawa ya yi hasarar kalwar daddawa, ya yi hasarar garin da yara ke sha, ya yi hasarar inuwa, ya kuma yi hasarar fentin gidansa. In ka bar ɗorawa biyu ko uku a gonarka, jikokinka za su sa maka albarka.

IN GIDANKA NA BULO NE

Wanda Allah ya ba shi iko ya yi ginin bulo, ko ya ƙara ɗakin bulo a tsohon gida, shi fenti ya dace da shi. Amma ko shi akwai ƙa'ida, ga ta bi da bi.

1. A yi filasta da kwaɓi na gaskiya. Buhun siminti kwanon sarki biyu ne. Yashin da za a zuba masa kada ya wuce kwano goma zuwa goma sha biyu, ya zama wankakke, ba mai laka ba. In birkila ya ja buhu ɗaya ya yi aikin biyu, filasta zai riƙa zuba kamar gari, ba fentin da zai zauna a kansa.

2. A riƙa yayyafa wa sabon filasta ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Siminti da ruwa ya ke yin ƙarfi, ba da rana ba.

3. A jira mako huɗu kafin a shafa fenti. Sabon siminti yana da laima, yana kuma da kaifi irin na toka da kanwa, kaifin nan shi ke cin fentin mai ya sa shi kumbura. Ga gwaji mai sauƙi: ka manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a jikin bango, ka rufe gefenta duka, ka bar ta ta kwana. In da safe ka ga raɓa a cikinta, bango bai bushe ba. In farin gari ya feso, a goge shi da busasshen buroshi, a ƙara jira.

4. A zaɓi lokaci. Da damina bango ba ya bushewa. Da tsakiyar hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. Da bazara zafi ya kan busar da shi tun bai kama ba. Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya sauko sosai. A yi aiki da safe ko da la'asar, a riƙa bin inuwa, a fara daga sama a gangaro.

5. A jikin bango a sa fentin ruwa wanda aka yi domin waje. Fentin mai na ƙofa ne da taga da ƙarfe. Shafi na fari a ɗan tsinka shi domin bango ya sha, na biyu a bi abin da aka rubuta a jikin bokiti. Mai fentin da ya cika bokiti da ruwa domin ya kai, kai ya cuta.

6. A auna kafin a tafi kasuwa. Bango mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3, murabba'in mita 36 ke nan. Lita ɗaya ta kan shafe kimanin murabba'in mita 8 a shafi guda, saboda haka shafi biyu zai ci lita 9 ko fiye, gama filasta mai kaushi ya fi sha. Bokiti mai lita 20 bango biyu irin wannan zai yi, ba gida duka ba. Wanda ya ce maka zai zagaye gida da shi, da ruwan rijiyarka zai cika.

Ku tuna kuma araha ba ta ado. Fentin da in ka shafa hannu ya bi ka kamar alli, damina ɗaya za ta wanke shi, ka sake saye.

GUBAR DA BA A GANI

Akwai magana guda da na ke roƙon iyaye mata musamman su saurara. Wasu fentocin mai ana sa musu dalma domin launi ya yi kyau, ya kuma bushe da wuri. An fi samun ta a ruwan ɗorawa da ja da ruwan goro da kore. Dalma guba ce. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, gama a 2010 a maƙwabtanmu Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, yara wajen 400 suka mutu saboda ita. Can daga dutsen zinariya da a ke daka a cikin gida ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce.

Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya. Fenti ya tsufa ya ɓare ya zama ƙura, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, yau kaɗan gobe kaɗan. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali kuwa ba laifinsa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba kome. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978. Ma'aunin da duniya ta ke bi yanzu shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, Nijeriya ma ta ɗauki wannan ma'auni. Amma doka a takarda daban, gwangwanin da ke kasuwar ƙauye daban.

Saboda haka in za ka sayi fentin mai, sayi mai sunan kamfani da adireshi a jiki, ka duba ko an rubuta ba dalma a ciki, ka guji wanda a ke aunawa a kwalba ba suna. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi tukuna, kada a goge shi a bushe da samfefa, a fid da yara da mata masu ciki daga wurin, a share ɓarɓashin a binne nesa da rijiya. Gwangwanin fentin mai kuma kada a mai da shi moɗa ko mazubin abinci.

WANE LAUNI?

Launi ganin dama ne, amma rana tana da nata ra'ayin. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu ya kan haura digiri 40. Launi mai duhu yana shan zafi ya riƙe, da dare ya sake shi cikin ɗaki. Fari da mai haske suna mai da shi. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutane fiye da dubu, hukuma ta yi shiri, a 2017 aka shafe rufin dubban gidajen talakawa da fari domin ɗaki ya yi sanyi. Mu da muka sauke jinka mai sanyi muka ɗora kwano mai zafi, mun fi kowa bukatar wannan wayo. In kana gudun fari saboda ƙura da yara, yi sama da launi mai haske, ka yi wa gindi ɗamara da launin ƙasa.

ABIN DA ZA A CE MINI

Na san wani zai ce, "Malam, kai ka yi makaranta kana kwana ɗakin siminti, mu kuma kana so mu dawwama cikin laka." Ban ce haka ba. Mai hali ya gina bulo tun daga tushe, ina taya shi murna. Abin da na ƙi shi ne a yi wa ƙasa shigar bulo, a ruɗi mai wucewa, a ruɗi kai.

Wani zai ce ado ba laifi ba ne, mutum yana da iko ya faranta ransa da guminsa. Haka ne. Gida mai kyau yana ƙara wa iyali daraja, yana sa yara su so garinsu. Kakanninmu ma sun yi zane a ƙofar zaure, sun yi zanko a kan soro. Amma sun ce tun ran gini ran zane, watau ado da gini tare su ke tafiya, ba a yin ɗaya a bar ɗaya.

Wani kuma zai ce yaɓe wahala ne, kowace shekara sai an sake, samari kuwa sun tafi cin rani. Wannan ita ce magana mai nauyi, ba ni kuwa da amsar da ta wuce wadda muka gada: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗin taki, tana iya sa ranar gayya bayan girbi, kafin samari su tashi, a bi gidajen unguwa ɗaya ɗaya, a fara da na tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu. Fenti ma ai ba na har abada ba ne. A ranar ƙasarmu 'yan shekaru kaɗan ya ke yi ya koɗe, shi kuwa ba a yinsa da gayya, sai da kuɗi.

Kuɗin kuma shi ne ƙarshen zance. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, sauran kayan gini suka bi shi. A irin wannan zamani, wanda ya buɗe rumbu ko ya ci bashi domin launin bango ya sayi yabon kwana bakwai da yunwar wata biyu. Baƙin biki za su ce madalla su tafi. Kai za a bari da damina. In biki ya matso, a share gida, a shafa farar ƙasa, a ɗaura aure. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aminina ya gyara bangonsa. Ya ɓamɓare sauran filastan, ya bar ƙasa ta bushe, tsohon magini ya cike inda ya zaizaye, aka yi yaɓe da makuba, aka ƙara wa kwano baki, aka yi dakali. Matarsa da surukarta suka shafe zaure da farar ƙasa. Damina ta zo ta wuce, bango yana nan, gero kuma yana rumbu.

To, jama'a, ga kaka ta zo, kuɗi ya fara shiga hannu. Kafin ka hau mota zuwa Sakkwato sayen fenti, ina roƙonka abu guda. Gobe da safe ka ɗauki sanda ka zaga gidanka, ka fara ta baya. Ka dubi bakin kwano, ka dubi indararo, ka dubi gindin bangon gabas, ka ƙwanƙwasa ka saurara. Abin da ka gani a can, shi za ka fara kashe wa kuɗi. In ya yi saura, sai ka zaɓi launin da ranka ya ke so.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mu da iyalanmu a ɗakunan da mu ke kwana. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.

Naku,
Malamin Gona